Lauyan da ya caccaki talabijin a Amurka

Mai tambaya yana son sanin lauyan da ya taɓa caccakar gidajen talabijin na Amurka. Sunansa Newton Minow, an haife shi a 1926. Shugaba Kennedy ya naɗa shi shugaban hukumar kula da kafofin sadarwa a 1961, kuma a watan Mayun shekarar ya tsaya gaban masu gidajen talabijin ya kira shirye-shiryensu makeken fili marar amfani. A ganina, aikinsa mafi tasiri shi ne dokar 1962 da ta wajabta ƙera talabijin masu kama zangon UHF, wato wani rukuni na zangon watsa shirye-shiryen talabijin, lamarin da ya buɗe wa tashoshin ilimantarwa hanya. Daga baya ya shugabanci hukumar gudanarwar PBS, wato kafar talabijin ta jama'a a Amurka, ya rasu a 2023.