Shawarar Lauya: Wa zai tabbatar wa kotu cewa hodar iblis ce?

Tambaya: Barista, jami'an NDLEA sun kama ɗana, direban haya ne, da ƙunshin wata farar hoda a cikin saƙon da aka ba shi a tasha. Sun ce hodar iblis ce. Maganarsu kaɗai ta isa a ɗaure shi?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo mafita. Idan bai amsa laifi ba, maganar jami'i ita kaɗai ba ta isa ba. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu ƙara nauyin tabbatar da laifi har sai kokwanto ya kau, kuma ido ba ya raba hodar iblis da garin sitaci. A nan masanin sinadarai yake shigowa, wanda sashe na 68 na dokar ya ba kotu damar sauraron ra'ayinsa.

Gwajin da ake yi a ofis, a ɗiga wa hodar ruwan magani ta canja launi, somin taɓi ne kawai. Bayansa ake auna nauyinta a gaban wanda aka kama, a ɗebi kaɗan a liƙe, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sannan a kai ɗakin gwaji. Nan nake so lauyanku ya zuba ido sosai. Wa ya liƙe? Wa ya ajiye, wa ya kai? Lambar da ke jikin ambulan ɗin da aka liƙe ita ce a rahoton gwajin? In aka sami giɓi a tsakani, kotu na iya shakkar ko abin da aka gwada shi aka kama. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ɗanki damar yi wa shaidun gwamnati tambayoyi da kawo nasa, har da wani masanin. Alƙali ma ba dole ne ya bi ra'ayin masani ba.

Sai dai kada in ɓoye miki. Masanin zai faɗi mene ne hodar, amma ba zai iya cewa ɗanki ya san abin da ya ɗauko ba. Ku je tashar tun yanzu ku nemi ɗan kamashon da ya karɓi saƙon da lambar wayar mai shi.

Shari'ar a Babbar Kotun Tarayya za a yi. Don Allah kada ya amsa laifi saboda gajiya da zaman tsare kafin lauya ya ga rahoton gwajin. In babu halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya, na jiharku.