Fitsarin dare da kumburin furostet: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, shekaruna 62. Sau huɗu nake tashi fitsari cikin dare, sai na yi yunƙuri kafin ya zo, ya zo kuma a tsinke-tsinke. Ciwon daji ne?

Amsa: Baba, ka kwantar da hankalinka, amma kada ka zauna a gida. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, furostet, ta zagaye bututun fitsari kamar zobe a yatsa. Idan shekaru suka ja sai ta ƙara girma ta matse bututun. Kusan rabin maza 'yan shekara 51 zuwa 60 suna da wannan kumburi. Ba daji ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya zama daji. Abin da ya fi damuna shi ne dajin furostet a farkonsa sau da yawa shiru yake, ba ya nuna alama. Shi ya sa nake so a duba ka. A auna sukarinka ma, domin shi ma yana tada mutum fitsarin dare. Ka rage ruwa da shayi awa 2 kafin barci.

Tambaya: Maigidana ya ƙi zuwa asibiti, wai ya ji ana sa yatsa ta dubura.

Amsa: Hajiya, na san kunya ce, na sha ganin dattijo ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ki faɗa masa gwajin bai kai minti ɗaya ba, da safar hannu ake yi, kuma akwai na jini, PSA. Daga shekara 50 ya kamata namiji ya fara wannan magana da likita. Baƙar fata, ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, tun daga 45.

Tambaya: Mahaifina ya sha maganin mura, fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya, aka sa masa roba. Da ita zai rayu ke nan?

Amsa: Galibi a'a. Wasu magungunan mura suna jawo haka ga mai kumburin, ya guje su. Akan ba shi maganin tamsulosin, mai sassauta matsewar bututun fitsari, bayan 'yan kwanaki a gwada cire robar. Maganin yakan sa jiri, don haka ya riƙa tashi a hankali. Finasteride kuwa, maganin rage girman furostet, sai ya kai kusan wata 6 kafin a ga aikinsa, kuma yana rage PSA da rabi, a sanar da mai gwaji. Idan magani ya gaza, ana aiki ta bututun fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. In fitsarin ya sake tsayawa, ko da tsakar dare ne ku kai shi asibiti, kada ku jira gari ya waye.