Fatawa: Harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa, halal ne ko maksu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da gida a cikin garin Gombe, ina zaune da iyalina, akwai kuma shaguna biyu a jikin katanga da na ba haya. An kawo mini takardar harajin gida, an ce da kuɗin za a yi magudanan ruwa, a gyara unguwanni, a gina wa waɗanda kwari ya cinye gidajensu matsuguni. Wani ɗalibi a majalisarmu ya ce wannan maksu ne, wato kuɗin da ake ƙwata a hannun mutane da zalunci, mai karɓa da mai bayarwa duk suna cikin zunubi. In biya ko in ƙi? In na biya, zan iya lissafa shi cikin zakkata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka biya, ka karɓi rasit, kuma kada ka cire shi daga zakka. Ga dalili.

Asalin dukiyar Musulmi haramun ce a taɓa ta ba da haƙƙi ba. Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, Annabi (SAW) kuma ya nanata haka a huɗubar bankwana. Ɗalibin nan ba daga kansa ya ɗauko maganar ba. A hadisin matar nan Ghamidiyya, wadda ta yi zina ta tuba, da Muslim ya ruwaito, Annabi ya ce ta yi tuban da ko mai karɓar maksu ya yi irinsa za a gafarta masa, ka ga girman laifin ke nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Sai dai maksu shi ne abin da ake ƙwata da ƙarfi ba bisa wata buƙata ta jama'a ba, ya ƙare a hannun mai ƙwata da ubangidansa. Ɗalibin ya karanta wannan babin ya rufe littafi, bai kai ga na gaba ba.

Babin gaba shi ne abin da ake yi idan buƙata ta sauko wa jama'a, zakka da baitulmali suka kasa. Alƙurɗubi, a tafsirin aya ta 177 ta Baƙara, ya kawo ittifaƙin malamai cewa wajibi ne a fitar da dukiya don toshe ta. Shaɗibi, Bamalike, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya halatta wa shugaba adali ya ɗora wa mawadata abin da zai wadatar. Har an tambayi malaman Andalus game da kuɗin da ake yanka wa mutanen gari don gina ganuwa. Ibnu Lubb, malamin Shaɗibi, ya hana, shi Shaɗibi ya halatta. Na kawo saɓanin ne don kada wani ya ce an ɓoye shi, amma maganar Shaɗibi ta fi ƙarfi a wurina, domin ganuwar kowa take karewa.

Wanda ya fi taɓo mas'alarka kai tsaye shi ne Ibnu Hazm a Almuhalla. Ya ce wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin talakawansu, hukuma ta tilasta su idan zakka ba ta isa ba, kuma bai tsaya kan abinci da sutura ba, ya ambaci mazaunin da zai kare su daga ruwan sama, da zafin rana, da idon masu wucewa. Duk wanda ya san Gombe ya san wannan ba zancen littafi ba ne kawai. Ka ga gida a bakin kwari, bana ruwa ya tafi da banɗaki, baɗi ya tafi da ɗakin uwargida, mai gida na jera buhunan yashi alhali ya san ba za su kai ƙarshen Agusta ba. Magudana ɗaya ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, dole sai an haɗa hannu, kuma ba kowa ke bayarwa don Allah ba. Haraji a nan ya samo halaccinsa.

Amma halaccin yana da sharuɗɗa, kuma a wuyan hukuma suke. Lokacin da Sarki Ƙuɗuz na Masar ya so yanka wa mutane kuɗi don yaƙar Tatar, Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce sai baitulmali ya ƙare, manya sun sayar da kayan alatunsu, sannan a waiwayi talaka. Don haka buƙatar ta zama ta gaske, a yanka gwargwadon ƙarfi, kada gwauruwa mai ɗaki biyu na laka ta biya daidai da mai bene a bakin titi, kuma kuɗin ya tafi inda aka ce. In an tara da sunan marasa muhalli aka gina rukunin gidajen da manya za su rabe a tsakaninsu, an ci amana, kuma abin ya koma maksun da ɗalibin yake faɗa. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a sun ƙara samun hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansilansu ina aka kai kason Abuja kafin a zo ƙofar gidansu. Yin wannan tambaya cikin ladabi nasiha ce, ba fitina ba.

Ta fuskar doka, Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙiyasta gidaje don karɓar harajin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Wannan daban yake da kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takardar mallaka ke biyan jiha, saboda haka ka duba takardar da kyau ka san wanne ake nema. Idan wani ya ce ka ba shi rabi a hannu ya share sunanka, kada ka yarda: shi ya ci haram, kai ka ba da rashawa. Ko da kuwa ka tabbata an zalunce ka a ƙiyasi, ka kai ƙorafi. In ba a saurare ka ba kana tsoron a rufe maka shaguna, ka biya, zunubin yana kan wanda ya zalunta.

Zakka kuwa ibada ce mai nisabi da mutane takwas da aya ta 60 ta Tauba ta ƙayyade, haraji ba ya tsaya mata. Gidan da kake ciki babu zakka a kansa, haka ginin shagunan. Kuɗin hayar ne za ka haɗa da sauran kuɗinka, in ya kai nisabi ya shekara ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari na abin da ya rage a hannunka.

Wallahu a'alam.