Daidaita kan injin miling, mai fere ƙarfe

Malam, ka ce fuskar ƙarfen da kake ferewa tana fita gaɓa-gaɓa. Kan injin ne ya karkace.

Kashe injin, goge tebur tas, don ɓurɓushi ɗaya kan ɓata awo. Ɗaura agogon awo, mai allurar da ke nuna tudu da kwari, a sandar juyi da ke riƙe wuƙar fira, ka zagaya da shi kan tebur da hannu, da'ira mai faɗin milimita 200. Ni na fi son shimfiɗa faifan ƙarfe mai santsi, kada allurar ta faɗa ramukan tebur.

Sassauta notunan da ke riƙe kan injin kaɗan. Hagu da dama, gyara rabin bambancin da agogon ya nuna. Gaba da baya kuwa rabi ba ya aiki, domin madogarar da kan injin ke juyawa a kanta tana bayan sandar, sai dai kaɗan-kaɗan kana aunawa. Ɗaure notunan bi da bi, sannan ka sake awo, domin ɗaurin yakan gotar da kan injin. Bambancin milimita 0.02 ya wadatar.