Amsa ga Nura kan doguwar bindiga mai cin harsashin fistol

Assalamu alaikum. Nura ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, zirga-zirgar Kubwa zuwa cikin gari ce ta hana ni zama. Ka ce ka samu gurbin karatu a Teksas, kana sha'awar wasan harbin saiti, kuma kana neman shawara tsakanin Ruger PC Carbine da CZ Scorpion, wato dogayen bindigogin nan da ke cin harsashin fistol mai milimita 9. Ka rufe da cewa in ka gama karatu za ka taho da ita Abuja. Na yi shekara bakwai a can ina aiki, kusan kowace Asabar ina filin harbi, don haka ina da abin cewa. Amma da wutsiyar maganarka zan fara.

Ba za ka taho da ita ba. Cire wannan daga ranka tun yanzu. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ake aiki da ita tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai irin na maharbanmu da ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinsu na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Akwai na farauta da wasa, irin su mai baki biyu da bindigar iska, waɗannan sai da izinin Sufeto Janar. Sai rukunin haramtattu, wanda in ba Shugaban Ƙasa ba babu mai ba da izininsa, kuma a nan fistol yake, a nan aka ambaci milimita 9 da sunanta, tare da 7.62 da .303. Wanda aka kama da irin wannan ba izini, ɗaurin da doka ta yanka bai gaza shekara goma ba. Ko lasisin ƙananan ma, a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da shi. Mu da muka tashi a Jos muka ga rikicin Satumban 2001 da idonmu, ba sai an yi mana dogon bayani kan dalilin da ya sa ƙarar bindiga a nan ba ta kama da wasa ba.

A can ma kada ka sauka daga jirgi ka nufi shago. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shiga da biza ta wucin gadi, irin ta ɗalibai, riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, kuma wadda aka fi bi ita ce mallakar lasisin farauta na jiha mai aiki. Ni da katin zama na dindindin na yi nawa, hanyata daban ce da taka. Ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku, ka kuma tambayi dokar ɗakin kwana. Sha'awar Asabar ba ta kai a soke maka biza ba.

To, mu zo ga bindigar.

Abin da ya sa mutane ke son wannan nau'in a fili yake. Harsashin milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, yana cikin mafi araha da sauƙin samu a can. Ƙararsa ba ta kai ta harsashin raifal ba, kuma filayen harbi na cikin gini da yawa da ba sa yarda da manyan bindigogi suna yarda da wannan. Sannan abin da ka jingina a kafaɗa, ka ɗora kunci a kai, ka riƙe da hannu biyu, ya fi fistol saurin koyuwa nesa ba kusa ba. Ranar farko da na gwada, a mita 25, da fistol sai ka ce kaji ne suka yi tono a takardar, ramuka ko'ina. Da na ɗauki doguwar, da harsashi iri ɗaya, tafin hannuna ya rufe duka goman. Dabarar ma tsohuwa ce: doguwar bindigar Winchester ta 1873 da fistol na zamanin suna cin harsashi ɗaya, don mutum ya huta da ɗaukar iri biyu.

Sai dai akwai abin da bidiyon YouTube ba ya nuna maka, kuma shi ne ya kamata ya yanke maka hukunci: yadda take shurin kafaɗa. Za ka zaci tunda harsashin ƙarami ne, shurin ma ƙarami ne. Ba lallai ba. Yawancin masu araha, har da biyun da ka ambata, ba su da abin da ke kulle sakatar ciki lokacin harbi. Nauyin ƙarfen sakatar da ƙarfin sifirin ne kawai ke tare ta. Don haka dole a yi ta da nauyi, kuma duk harbi wannan dunƙulen ƙarfe zai ruga baya ya dawo ya daki gaba, ka ji bindigar ta yi gum a jikinka, saitinka ya yi tsalle. Ruger sun saka wani nauyi na tangistin a cikin tasu sakatar don rage wannan dukan. Masu tsada sun bi wasu hanyoyi: MP5 ta Heckler & Koch tana jinkirta buɗewar da wasu 'yan ƙananan gare-gare, SIG MPX kuma da iskar harbin take aiki. Waɗannan laushinsu daban ne, amma kuɗinsu ma daban ne, kuma ba na ɗalibi ba ne.

A nan na yi wautata. Farkon zuwana na sayi wata mara nauyi don na ga farashinta ya faɗi, ban taɓa harba irinta ba. Kuncina a kan ƙarfe yake zama kai tsaye, bayan harsashi hamsin haƙorana har tsami suke. Wata uku na sayar da ita da asara. Araha ba ta ado. Filayen harbi da yawa suna ba da haya, in takardunka sun cika. Ka hayi biyun a rana ɗaya, ka harba kwali ɗaya-ɗaya, mai hamsin-hamsin. Gani ya kori ji.

In ka matsa mini sai na zaɓa, Ruger zan ce. Ta fito a ƙarshen 2017, nauyinta wajen kilo uku, ana raba ta biyu ta shiga ƙaramar jaka, kuma ana iya mayar da hannun ja da maɓallin sakin gidan harsashi zuwa ɗaya ɓangaren, abin da bahago zai yi wa godiya. Babban abin shi ne tana zuwa da wani mazauni da in ka sauya shi za ta karɓi gidan harsashi na fistol ɗin Glock, wanda kusan kowane shago ke da shi. Scorpion, 'yar ƙasar Cek, ta fi ta kyan gani, wannan ba gardama, kuma in gasar gudu-da-harbi kake hange za ta fi zama maka a hannu. Amma gidan harsashinta nata ne ita kaɗai. Ni kuma a shekaruna na fi son abin da kamanninsa na farauta ne, ba wanda maƙwabci zai hango ya kira 'yan sanda ba, balle ga baƙo mai suna irin namu. Wannan ra'ayina ne, wani zai ce tsoro ne.

Ka tabbata tsawon bututun ya kai inci 16. Ƙasa da haka, in da abin jingina a kafaɗa, dokarsu ta 1934 ta saka shi a wani rukuni mai rajista ta musamman. Wasu jihohi kamar Kalifoniya da Niyok kuma sun taƙaita gidan harsashi ga guda goma, don haka abin da ya halatta a Teksas ba lallai ya halatta in ka tsallaka iyaka ba.

Kada ka sa ran nisa. Dogon bututu yana ƙara wa harsashin gudu kaɗan, amma daga mita 100 ya fara sunkuyawa sosai. Daɗinta tsakanin mita 15 ne zuwa 50, kana dukan farantan ƙarfe kana jin tan, tan. Ka sa mata madubin saiti mai jan ɗigo, ka daidaita shi a mita 25, kuma ka sani a kusa-kusa harsashi zai sauka ƙasa da ɗigon, saboda madubin yana saman bututu. Harsashi mai nauyin giren 115 ko 124 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ya ishe ka. Kuma ka yi lissafi da kyau, domin cikin shekara ɗaya ta zuwa kowane mako kuɗin harsashi kan zarce kuɗin bindigar. Shi ya sa in aljihu ne damuwar, mai cin ƙaramin harsashin .22 LR ta fi kowace sauƙi, kuma ita ce malamar gaskiya.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: tufafi. Wata Juma'a daga masallaci na wuce filin da kaftanina mai buɗaɗɗen wuya. Kwanson harsashin na kusa da ni ya daki bango ya faɗo cikin rigata, da zafinsa kamar garwashi. Na zabura zan juya da bindiga a hannu, sai ji na yi mai kula da filin, wani dattijo, ya dafe mini hannu ya danna bakinta ƙasa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in ajiye ta tukuna, sannan in yi rawata. Tabon yana nan a ƙirjina. Ka sa riga mai rufaffen wuya, da hula mai baki, da tabarau, ka toshe kunne ninki biyu in cikin gini ne. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka gama saiti, kuma bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da ka rantse babu komai a ciki.

Da zan dawo a shagon da ke da lasisi na sayar da tawa, na karɓi rasit na adana. In sha'awar ta biyo ka gida, ka nemi Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya ka tambayi yadda ake shiga harbin bindigar iska na mita 10, irin na Olamfik. Ƙwayar da ake harbawa milimita 4.5 ce, ɗigon tsakiya mai maki goma kuwa rabin milimita ne kacal, kuma bindigar iskar ma sai da izini. Kafin tafiyarka ka biyo ta gida ranar Lahadi bayan la'asar, akwai tabarau da abin toshe kunne da na dawo da su suna nan a akwati, ka ɗauka.