Tsohon mijina yana ajiye bindiga inda yara za su kai

Tambaya: Ina zaune a jihar Mishigan a Amurka. Mun rabu da mijina, yaranmu biyu suna kwana wurinsa ƙarshen mako. Ƙaramin ya ce ya ga ƙaramar bindiga a durowar gefen gadon babansa. Me doka ta ba ni?

Amsa: 'Yar uwa, dokar jihar tana gefenki, sai dai ba ta da saurin da kike buƙata. Tun 13 ga Fabrairu 2024, duk mai bindiga a Mishigan da ya san yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zai iya shigowa gidansa, dole ya kulle ta cikin akwati, ko ya cire harsashi ya sa mata makulli. Durowar gefen gado ba akwati ba ce. To amma hukuncin sai yaro ya kai hannu gare ta yake hawa: in ya nuna ta a bainar jama'a, ɗaurin da zai kai kwana 93, in ya harba wani ya mutu, har shekara 15. Uwa kuwa ba za ta zauna jiran wannan ranar ba.

Don haka ni kotun iyali nake fara nuna miki, wadda ta tsara ranakun ziyara. Shigar da buƙata a sa kulle bindigar cikin sharuɗɗan kwanan yaran. Kafin nan, rubuta masa saƙo cikin lumana, ki adana amsarsa, ki kuma rubuta abin da yaron ya faɗa da ranar. Kada ki tura yaro ya ɗauko miki hoto, kuma kada ki hana ziyara da kanki, domin saɓa umarnin kotu a kanki zai koma.

Idan ya taɓa barazanar kashe kansa ko wani, wannan wata ƙofa ce daban. A matsayinki na tsohuwar matarsa kina iya neman alƙali ya sa a karɓe bindigoginsa har tsawon shekara ɗaya.

Alƙalan jihar ba sa ɗaukar maganar da wasa. A 2024 aka ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15, bayan ɗansu ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar sakandaren garin Oxford da ke jihar, da bindigar da uban ya saya. Nemi lauyan iyali a gundumarku cikin makon nan, ki tafi masa da takardar hukuncin rabuwarku.