Ga mai son zuwa Agadas shi kaɗai ya kwana cikin rairayi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko mutum zai iya tashi daga Kano a motarsa shi kaɗai ya nufi Agadas, yana kafa tanti a hanya, yana kuma sauka ya yi tattaki cikin sahara. Na bi hanyar nan sau biyu, ta Daura da Kongolam zuwa Damagaram, sannan Tanut da Adarbisanat, kuma shawarata ita ce ka tuƙa motarka kai kaɗai in ka so, amma kada ka kwana inda babu wanda ya san da zamanka.

Dalilina shi ne abin da ya same ni a tafiyar farko. Na wuce Tanut da la'asar, na sauka daga kwalta domin neman wurin kwana, ban yi nisa ba motar ta kafe, tayoyin baya suka nutse har gindi, ga waya babu sabis. Wani makiyayi da ya hango ƙurata ne ya zo, ya sa na rage iskar tayoyin, muka tone yashin da hannu muka shimfiɗa rassa, sannan ta fita. Tun ranar nake yada zango kusa da rijiya ko ruga, in fara gaida mai gari in faɗa masa inda zan kwanta da lokacin da zan dawo daga tattaki.

Daga Damagaram zuwa Agadas ya haura kilomita 400, don haka ka sayi jarkoki a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ka ware wa kanka aƙalla lita 6 na sha kowace rana, ban da na mota. Taya biyu ta safaya, famfon iska da bel ɗin inji ka neme su a kasuwar Ƙofar Ruwa tun kana gida. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiya, sai dai sanyin asuba a can ya fi na hunturun Kano, kuma bargo ɗaya ba ya wadatarwa. Tattaki kuwa daga sallar asuba zuwa hantsi ne, da rawani a ka. Kada lallausan yashin kori, wato busasshiyar hanyar ruwa, ya ruɗe ka ka kafa tanti a cikinsa, domin da damina ruwan da aka yi a nesa yakan kwararo cikin dare. Da safe ka kakkaɓe takalminka kafin ka zura ƙafa saboda kunama.

Batun tsaro ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Tun juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 sha'anin iyaka yake canzawa, saboda haka ka tambayi direbobin Damagaram halin da hanya take ciki ana gobe za ka tashi. Idan kuma zuciyarka tana kan duwatsun Abzin da garin Timiya da ke cikinsu, ka ajiye motar a Agadas ka nemi ja-gora ɗan ƙasa da izinin hukuma.